TAGWAYE MASU KAMA ƊAYA: SHIN GADON JIKINSU ƊAYA NE?

GABATARWA

Nijeriya tana cikin ƙasashen da aka fi haihuwar tagwaye a duniya. Da wuya a sami unguwar da babu Hassan da Husaini, ko Hassana da Husaina, ga kuma Gambo yana biye da su. A ƙasar Yarabawa Taiwo da Kehinde ake kiransu, mai bi musu kuwa Idowu. Daga cikin tagwayen nan akwai waɗanda kamarsu ta kai har mahaifiyarsu takan ɗaura wa ɗaya zare a hannu, don kada ta shayar da shi sau biyu ta bar ɗan'uwansa da yunwa.

Tun da labarin gwajin DNA ya bazu cikin jama'a, mutane da yawa suna tambaya ko irin waɗannan tagwaye DNA ɗinsu ɗaya ne. Amsar a taƙaice ita ce: asalinsa ɗaya ne, kuma kusan dukkansa iri ɗaya ne, amma akan sami 'yan bambance-bambance ƙanana. Sanin wannan yana da amfani a asibiti, da wurin rajista, da gaban alƙali, da kuma ga macen da ke ɗauke da cikin tagwaye. Wannan ɗan littafi zai yi bayani dalla-dalla.

1. MENE NE DNA?

Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙwayoyin halitta ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Yawansu a jikin babban mutum ya kai wajen tiriliyan 30. A tsakiyar kusan kowane irin ƙwaya akwai wani sinadari mai kama da siririn zare, wanda masana suke kira DNA. Da za a warware zaren ƙwaya guda ɗaya, tsawonsa zai kai mita 2. Wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Friedrich Miescher, shi ne ya fara ware sinadarin a 1869. A 1953 kuma James Watson da Francis Crick suka bayyana siffarsa a Jami'ar Kambirij ta Ingila, tare da dogara ga hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin.

Ana iya kwatanta DNA da babban littafi wanda aka rubuta da haruffa huɗu kacal, watau A, C, G da T. A cikinsa aka rubuta launin fata, da siffar fuska, da rukunin jini, da sauran abubuwan da ake gado. Littafin ya kasu kashi 46, kowane kashi ana kiransa kuromosom. Ɗa yana samun 23 daga wurin uwa, 23 daga wurin uba. Kowane rabi yana ɗauke da haruffa kimanin biliyan 3.

Idan aka ɗauko mutum biyu waɗanda ba su haɗa dangi ba, aka gwama littattafansu, za a tarar kusan kashi 99.9 cikin 100 na haruffan iri ɗaya ne. Ɗan ragowar nan shi ne ya bambanta Bahaushe da Bature, ya kuma bambanta mutum da maƙwabcinsa, gama ko shi kaɗai ya kai haruffa miliyoyi.

2. TAGWAYE IRI BIYU NE

Iri na farko su ne tagwayen ƙwai biyu. A al'ada mace tana sakin ƙwai ɗaya kowane wata, amma wani lokaci takan saki biyu, kowanne ya haɗu da tasa ƙwayar maniyyin. Tagwayen da aka samu ta wannan hanya wa da ƙane ne kawai da suka zauna ciki ɗaya a lokaci ɗaya. Abin da suka yi tarayya a kai na gado kimanin rabi ne, kamar sauran 'yan'uwa shaƙiƙai. Suna iya zama mace da namiji, ko ɗaya fari ɗaya baƙi, ko ɗaya dogo ɗaya gajere.

Iri na biyu su ne tagwayen ƙwai ɗaya, watau masu kama ɗaya. A nan ƙwai ɗaya ne ya haɗu da ƙwayar maniyyi ɗaya, aka ƙulla littafi guda, daga bisani ɗan tayin ya rabu biyu cikin makonni biyun farko, kowane ɓangare ya ci gaba da girma ya zama mutum. Saboda haka ne jinsinsu yake zama ɗaya, ko maza biyu ko mata biyu. Hassan da Husaina, watau namiji da mace, tagwayen ƙwai biyu ne ko da kamarsu ta kai ina.

Tagwayen ƙwai ɗaya yawansu kusan daidai yake a ko'ina cikin duniya, wajen 3 zuwa 4 cikin kowace haihuwa 1,000. Waɗanda yawansu ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa su ne na ƙwai biyu. Binciken da Farfesa Percy Nylander ya yi a yammacin Nijeriya tsakanin shekarun 1960 da 1970 ya nuna tagwaye kimanin 45 cikin kowace haihuwa 1,000, adadin da ya ninka na Turai a wancan lokaci kusan sau huɗu. Garin Igbo-Ora a Jihar Oyo ya yi suna a kan wannan har ana yi masa kirari da garin tagwaye. Ke nan mafi yawan tagwayen Nijeriya na ƙwai biyu ne. Haihuwar irinsu takan bi dangi ta wajen mace, kuma ta fi aukuwa ga matan da suka haura shekara 30 da waɗanda suka riga suka haihu sau da yawa.

Kada a dogara ga mabiyiya wajen gane irin tagwayen. Wasu ungozomomi sukan ce mabiyiya ɗaya alamar ƙwai ɗaya ce, biyu kuwa alamar ƙwai biyu. Wannan ba kullum yake zama daidai ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na tagwayen ƙwai ɗaya kowannensu da mabiyiyarsa, sa'an nan mabiyiya biyu sukan manne da juna har a ɗauka ɗaya ce.

3. TA INA BAMBANCI YAKE SHIGOWA?

Tun da littafi ɗaya tagwayen ƙwai ɗaya suka faro da shi, mai karatu zai so ya san yadda suke bambanta. Hanyoyi uku ne manya.

Hanya ta farko: kuskuren kwafi. Jiki yana girma ne ta hanyar rabuwar ƙwayoyin halitta, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu. Kafin kowace rabuwa sai an kwafe littafin gaba ɗaya. Kamar yadda akawu, komai ƙwarewarsa, yakan sauya harafi ɗaya nan da can idan ya kwafe dogon rubutu, haka ma jiki yake yi, ko da yake yana da hanyar gyara mafi yawan kurakuransa. Kuskuren da ya auku bayan ɗan tayi ya rabu biyu, ɗaya ne daga cikin tagwayen zai ɗauke shi, ɗan'uwansa ba shi da shi. Idan kuma ya auku da wuri ƙwarai, zai shiga kusan dukan jikin mai shi, har ya iya gadar wa 'ya'yansa.

A 2021 masana a ƙasar Aisland suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan haihuwa 381 ta tagwaye masu kama ɗaya, inda suka karanta littafin kowannensu daga farko har ƙarshe. Sun tarar cewa, a matsakaicin lissafi, tagwayen sun bambanta da sauye-sauye kimanin 5 waɗanda suka auku tun farkon ciki. A wasu tagwayen bambancin ya haura 100, a wasu kuwa ba a gano ko ɗaya ba. Idan aka tuna cewa haruffan biliyoyi ne, za a ga wannan bambanci ɗan kaɗan ne ƙwarai. Amma harafi ɗaya tak, idan ya sauya a muhimmin wuri, yana iya jawo cuta ga ɗaya ya bar ɗayan lafiya. Bugu da ƙari, kurakuran suna ci gaba da taruwa a jikin kowa muddin yana raye.

Hanya ta biyu: shafukan da ake karantawa. Mutum biyu suna iya mallakar littafi iri ɗaya, amma kowanne ya buɗe shafi dabam. Jiki yana sanya wasu alamomi a kan DNA waɗanda suke buɗe wani sashe su rufe wani, ba tare da an sauya haruffan ba. Abinci, da shan taba, da ciwo, da irin aikin da mutum yake yi, da tsufa, duk suna taɓa waɗannan alamomi. A 2005 masana ƙarƙashin jagorancin Manel Esteller a ƙasar Sipaniya suka auna tagwaye masu kama ɗaya 80, daga 'yan shekara 3 zuwa 74. Alamomin yaran kusan iri ɗaya ne, na dattawan kuwa sun yi nisa da juna, musamman waɗanda suka daɗe ba sa zaune wuri ɗaya.

Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, watau NASA, ta gwada wannan da tagwaye biyu 'yan sama jannati. Scott Kelly ya yi kwana 340 a tashar sararin samaniya tsakanin 2015 da 2016, ɗan'uwansa Mark yana ƙasa. An ga sauyi a yadda wasu sassan littafin Scott suke aiki, amma fiye da kashi 90 cikin 100 na sauyin ya koma daidai cikin wata shida da saukowarsa. Bai daina zama tagwayen ɗan'uwansa ba, kamar yadda wasu jaridu suka yaɗa bisa kuskure.

Hanya ta uku: zaman ciki da tarbiyya. Ko a cikin mahaifa rabon tagwaye ba ya zama daidai. Wani yakan sami jini da abinci fiye da ɗan'uwansa, shi ya sa akan haifi ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Bayan haihuwa kuma kowanne da cututtukan da zai gamu da su, da abokansa, da sana'arsa.

4. ZANEN YATSA DA RAJISTA

Zanen yatsan tagwaye masu kama ɗaya ba iri ɗaya ba ne. Zanen yana fara fitowa daga wajen mako na 10 na ciki, ya kammala kafin tsakiyarsa. Gado yana da hannu a kan babbar siffarsa, amma ƙananan layukan sun danganta ga yadda fatar yatsa ta girma da yanayin da jaririn ya sami kansa a ciki. Saboda haka ko yatsun mutum ɗaya ba su da zane iri ɗaya, balle na mutum biyu. Francis Galton na Ingila, wanda ya fara nazarin tagwaye a 1875, ya wallafa littafi a kan zanen yatsa a 1892.

Wannan shi ya sa hukumomi suke ɗaukar zanen yatsa. Hukumar katin shaidar ɗan ƙasa, watau NIMC, tana ɗaukarsa kafin ta ba da lambar NIN. Bankuna suna ɗaukarsa domin lambar BVN, wadda aka soma a 2014. Hukumar zaɓe da hukumar shirya jarrabawar shiga jami'a su ma suna amfani da shi. Tagwayen da ya ɗauki katin ɗan'uwansa ya tafi jefa ƙuri'a, ko ya zauna masa jarrabawa, ya aikata laifin sojan gona, kuma yatsansa yana iya tona masa asiri. Kowane ɗaya daga cikin tagwaye yana bukatar takardar haihuwarsa, da katin rigakafinsa, da lambarsa ta kansa.

5. A GABAN SHARI'A

Alec Jeffreys na Jami'ar Lesta a Ingila shi ne ya gano hanyar shaida mutum da DNA a 1984. Gwajin da 'yan sanda da asibitoci suka saba yi ba ya karanta dukan littafin. Wurare kimanin 20 kawai yake dubawa, waɗanda aka san mutane sun sha bamban a kansu. Wannan ya isa a bambanta mutum da kowa, har da shaƙiƙinsa, amma bai isa a bambanta tagwayen ƙwai ɗaya ba.

A watan Janairu na 2009 ɓarayi suka fasa babban kantin KaDeWe a birnin Balin na Jamus, suka kwashe kayan ado na miliyoyin kuɗi. 'Yan sanda suka tsinci safar hannu mai ɗauke da DNA, gwaji kuma ya nuna wasu tagwaye masu kama ɗaya. Da yake ba a iya tabbatar da wanne ne daga cikinsu ba, kuma doka ba ta yarda a hukunta mutum a kan laifin ɗan'uwansa ba, sai aka sake su duka biyu. A Barazil kuwa, a 2019, wasu tagwaye kowannensu ya musanta zama uban wata yarinya, gwaji kuma ya dace da su duka. Alƙali ya umarci kowannensu ya riƙa biyan kuɗin ciyar da ita.

Yanzu akwai hanyar warware irin wannan rikici. A 2014 masana a Jamus suka wallafa yadda suka karanta dukan littafin wasu tagwaye da na ɗan ɗaya daga cikinsu, suka sami sauye-sauye 5 da uban ya yi tarayya da ɗansa a kai, waɗanda ɗaya tagwayen ba shi da su. Sai dai wannan gwaji yana da tsada, yana kuma bukatar ƙwararru da manyan na'urori. Wanda ya kai ƙara a kan nasaba ko wani laifi, idan akwai tagwaye a cikin maganar, ya kamata ya sanar da lauya da masu gwajin tun farko.

6. A ASIBITI

Kamancin tagwayen ƙwai ɗaya ya taɓa buɗe wa likitoci babbar ƙofa. Jiki yakan ƙi karɓar gaɓar da ba tasa ba, abin da ya sa dashen ƙoda ya yi ta cin tura shekara da shekaru. Ranar 23 ga Disamba 1954, a birnin Boston na Amurka, aka cire ƙodar wani saurayi, Dokta Joseph Murray ya dasa wa ɗan'uwansa tagwaye, jikin ya karɓe ta, marar lafiyan ya ƙara shekara 8 a duniya. Wannan ne dashen ƙoda na farko da ya yi nasara mai ɗorewa, kuma a kansa aka ba likitan lambar yabo ta Nobel a 1990.

Abin da ya fi shafar jama'ar Nijeriya shi ne amosanin jini, watau sikila. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar a ƙasar nan yana da AS. Idan uwa da uba duka AS ne, kowane ɗa yana da kashi ɗaya cikin huɗu na yiwuwar zama SS. Tagwayen ƙwai ɗaya sakamakonsu ɗaya ne, idan ɗaya SS ne ɗayan ma haka. Na ƙwai biyu kuwa kowanne da rabonsa, ɗaya yana iya zama AA ɗan'uwansa SS. Tun da iyaye ba za su iya tabbatar da irin tagwayensu da ido ba, kada a gwada ɗaya a ce ya wadatar. A gwada kowannensu.

Akwai kuma wani abin lura ga masu auren zumunci. 'Ya'yan Hassan da 'ya'yan Husaini, idan iyayen nasu tagwayen ƙwai ɗaya ne, ta fuskar gadon jini kusancinsu daidai yake da na 'yan uba, watau ya ninka na sauran 'ya'yan wa da ƙane. Wannan yana ƙara yiwuwar haɗuwar cutar gado iri ɗaya daga ɓangarorin biyu. Yana da kyau a yi gwajin jini a kuma nemi shawarar likita kafin a sa rana.

Cututtuka da yawa ba gado kaɗai ke kawo su ba. Ciwon taɓin hankali da likitoci suke kira sikizofireniya, idan ya kama ɗaya daga cikin tagwayen ƙwai ɗaya, wajen rabin lokuta ne kawai yake kama ɗayan. Haka nan ciwon sukari, da hawan jini, da sankara, ɗaya yana iya kamuwa ɗayan ya tsira. Ciwon ɗaya gargaɗi ne ga ɗan'uwansa ya je a duba shi da wuri, ba dalilin yanke ƙauna ba ne. Cututtukan da ake ɗauka kuwa, irin su zazzaɓin cizon sauro, da tarin fuka, da ciwon hanta, ba su bin kamanni. Kada a ba lafiyayye maganin marar lafiya don wai tagwaye ne, kada kuma a raba musu maganin da aka rubuta wa mutum ɗaya.

7. MACE MAI CIKIN TAGWAYE

Likitoci sun bayyana cewa lokacin da ɗan tayi ya rabu shi ke nuna yadda tagwayen za su zauna a ciki. Idan ya rabu cikin kwana 3 na farko, kowanne zai sami mabiyiyarsa da jakar ruwansa. Idan tsakanin kwana 4 da 8 ne, za su haɗa mabiyiya ɗaya, kuma wannan ya fi yawa. Idan ya kai kwana 8 zuwa 13, har jakar ruwa za su haɗa. Idan ya wuce haka, rabuwar ba ta kammala, sai a haife su manne da juna. Wannan ba aikin maita ba ne ko na iskoki, ba kuma laifin uwa ba ne.

Tagwayen da suka haɗa mabiyiya jijiyoyin jininsu sukan haɗu. A kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na irin wannan ciki, jini yakan riƙa kwarara daga ɗaya zuwa ɗayan, wannan ya tsumbure, wancan kuma jini ya yi wa zuciyarsa yawa, har a iya rasa su duka biyu. Hoton ciki da aka ɗauka kafin mako na 14 shi ya fi nuna ko mabiyiya ɗaya ce ko biyu. Idan ɗaya ce, likitoci suna son a riƙa maimaita hoton kowane mako biyu daga mako na 16.

Ko wane iri ne, cikin tagwaye ya fi na ɗa ɗaya haɗari. Ƙarancin jini, da hawan jini mai kai ga jijjiga, da haihuwar bakwaini, da zubar jini bayan haihuwa, duk sun fi yawa a cikinsa.

8. ABIN DA AKE BUKATA DAGA JAMA'A

1. Mace ta fara awon ciki tun watanni ukun farko, maigida kuma ya ba ta izini da guzuri.

2. Idan an ce tagwaye ne, a tambayi likita ko mabiyiya ɗaya ce ko biyu, a kuma shirya haihuwa a asibitin da ke da jini da ɗakin tiyata.

3. A yi wa kowane ɗaya rajistar haihuwa da katin rigakafi dabam, a tabbata an yi wa kowannensu allura.

4. A gwada rukunin jini da sikila ga kowannensu.

5. Idan ɗaya ya kamu da cuta mai bin dangi, a kai ɗayan a duba shi.

6. Kada tagwaye su yi musayar katin shaida, ko na zaɓe, ko na jarrabawa, ko na asibiti.

7. Iyaye da malaman makaranta su kira kowanne da sunansa, su lura da baiwarsa, kada a hori ɗaya a kan laifin ɗan'uwansa.

Ana roƙon hakimai, da dagatai, da masu unguwanni, da ungozomomi, da malaman asibiti su isar da wannan bayani ga jama'arsu. Wanda ya karanta wannan ɗan littafi kuma ya daure ya karanta wa wanda bai iya karatu ba, musamman gidan da ake da tagwaye ko ake sa ran zuwansu.